Hawan dutsen Mafa da 'yan jagoran Mokolo: abin da na biya da abin da na samu

Duk wanda ya tambaye ni ko ya ba samarin nan na Mokolo, a arewacin Kamaru, kuɗinsa su kai shi gonakin dutse, zan ce masa ya ba su, amma ya karanta wannan tukuna, domin akwai abin da ya kamata ya ƙulla da su kafin ya sa hannu a aljihu.

Sana'ata hatsi ce. A Marwa nake saye da sayarwa: dawa, gero, masara, da masakwa idan an girbe ta da rani. Dawar dutse, wadda Fulani ke kira cerge, ta sha ratsa hannuna a buhu, na sha auna ta da kwano, na san farashinta a kaka da farashinta a bazara. Ɗana da ke karatu a Jami'ar Marwa ne ya matsa mu je mu ga inda take fitowa. Ya nuna mini hotunan gonakin shinkafa na ƙasar Filifin a wayarsa, na mutanen Ifugao, waɗanda aka sassaƙa a jikin duwatsu hawa-hawa, ruwa na gangarowa daga dajin da ke sama yana bi gona-gona har ƙasa. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 1995. Ya ce: "Baba, mu ma muna da irinsu, ga su nan bayan Mokolo, mutane na ta yaba na nesa." Gaskiyarsa, sai dai namu ba na shinkafa ba ne. Shinkafarmu tana can ƙasa a Yagwa da Maga, a filayen SEMRY, kamfanin shinkafa na gwamnati, da ke shan ruwan kogin Logon da na tafkin Maga da aka datse a 1979. Gonakin duwatsun Mandara, inda Mokolo take, na dawa ne da gero, ba su da wani ruwa sai na sama, kuma wannan ne ya sa aikin da ke cikinsu ya fi ba ni mamaki.

Masu kai mutane ba wani babban kamfani ba ne. Ɗaki ne guda kusa da tashar mota a Mokolo, da benci, da taswira a bango, da 'yan samari da suka haɗa kai suna karɓar baƙi ta WhatsApp. Mun biya sefa 15,000 kowane mutum, a kan za su ba da babur da direbansa, da jagora, da ruwa, da abincin rana. Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne a kan kwalta, wannan kai za ka kai kanka. Mun kwana a garin, muka tashi bayan asuba a kan baburan 'yan kilando, muka ɗauki hanyar Koza. Hanyar ba kwalta, hawa ce da gangara da kwana. A shingen jami'an tsaro jagoranmu ne ya sauka da katunanmu na shaida, ya yi bayani, aka bar mu ba tare da ɓata lokaci ba. Da gani sun san shi.

Shi wannan jagoran shi ne abin da kuɗina ya saya. Ɗan ƙabilar Mafa ne, a kan dutsen aka haife shi, kuma har yanzu idan damina ta faɗi gida yake komawa ya yi noma. Yana jin yarensu, da Fillanci, da Faransanci, da Hausar kasuwa wadda ta ishe mu hira. Bayan mun wuce Jingiliya, inda ƙungiyar masu sana'ar hannu take da shagonta na kwanduna da tukwane, muka bar babura a gindin wata tsamiya. Ya dubi ƙafata, ya ga takalmin da na sa ya yi, sannan ya miƙo mini sanda ya ce: "Baba Alhaji, ni zan bi takunka, ba kai za ka bi nawa ba. Inda ka gaji nan ne wurin hutawa." Haka kuwa ya yi har muka sauko. Ɗana yana gaba yana ta ɗaukar hoto, shi yana gefena, idan mun zo wurin da dutse yake da santsin tsakuwa sai ya sha gabana ya tsaya ta ɓangaren gangara. Bai taɓa nuna gajiya da ni ba.

Cikin Disamba muka je, an gama girbi, hunturu ya fara. Shawararsa ce, ya ce da damina dutsen kore ne shar, yana da kyau a ido, amma ganye yana rufe ginin, bayan an sare kara ne ake ganin aikin. Gani ya kori ji. Tun daga gindin dutse har ƙololuwa, duk inda ido ya kai, katangun dutse ne jere bisa jere suna bin cikin dutsen suna lanƙwasa yadda ya lanƙwasa. Wata ta kai gwiwa, wata ta kai ƙugu, a wurin da gangara ta yi tsanani har ta kan fi haka. Bayan kowace katanga akwai ƙasa a shimfiɗe, wani wurin da ɗan faɗi, wani wurin bai wuce tabarmar sallah ba, amma shi ma da kututturen kara a cikinsa, an shuka an girbe. Ko tsakanin manyan duwatsu biyu aka sami ƙasa cikin tafin hannu, an jera mata 'yan duwatsu an tare ta. Babu siminti, babu laka, dutse ne kawai a kan dutse.

Wurin da na fi daɗewa shi ne gonar wani dattijo da muka tarar yana gyaran katangar da ruwan ƙarshen damina ya ɓarke. Na yi masa sallama da Fillanci, ya amsa, sauran maganar jagora ya fassara. Na tsuguna ina kallon hannunsa. Yakan ɗauki dutse ya jujjuya shi sau biyu ko uku kafin ya ajiye, fuskar da ta fi laushi waje, mai tsini ciki. Idan ya ɗora sai ya girgiza shi da tafin hannu. In ya motsa, sai ya lalubo ɗan ƙaramin dutse ya cusa a ƙarƙashi ya buga da wani har ya zauna daram. Katangar ba a miƙe take tsaye ba, ta ɗan kwanta ta jingina da dutsen. Can ƙasa kuma jikansa yana kwaso ƙasar da ruwa ya tafi da ita a cikin kwando, yana hawowa da ita a ka, yana zubawa a bayan sabon ginin. Ƙasar da ta gudu ake bi a dawo da ita gida, kwando-kwando.

Na ce a tambaye shi: "Baba, me ya hana ku liƙe tsakanin duwatsun da laka, ruwa ya daina wucewa?" Ya yi dariya, ya ce idan ka tare ruwa gaba ɗaya, taruwa zai yi ya ture katangar duka a dare ɗaya. Ƙarfinsa ake ragewa, ya tsaya ya jiƙa ƙasa, ragowar ya tsiyaye ta ramukan ya sauka gonar ƙasa, ƙasar kuma ta tsaya a inda take. Na tambaye shi wa ya gina wannan. Ya ce a haka ya same ta wurin mahaifinsa, shi ma a haka ya same ta. Abin da ya rage wa kowa shi ne ya gyara abin da ya rushe kafin ruwan farko. Na yi shekaru ina taya dawar mutanen nan a kasuwa ina neman ragi, a gaban dattijon nan ne na ga abin da ke bayan kowane kwano. A ganina duk ɗan kasuwar hatsi na Marwa da Garwa ya kamata ya zo ya tsuguna a nan ko da sa'a ɗaya ce.

Jagora ya iya bayani, kuma bayanin manomi yake yi, ba na wanda ya haddace takarda ba. Shi ya faɗa mana yadda Mafa suke juya shuka: shekara guda dawa, mai bi mata gero da wake, kuma ba mutum ɗaya ke yanke wa kansa ba, dutsen gaba ɗaya ne yake juyawa tare. Sun ce hakan yana hutar da ƙasa, yana karya ƙwari da ƙuduji, tunda abin da ya saba da dawa zai wayi gari babu dawa ko'ina a kusa. A gefe-gefe mata na shuka riɗi, kuɓewa, yakuwa, tamba da aya. Ya nuna mini gawo a tsakiyar gonaki, wanda kowane manomi ya san amfaninsa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani. Ya nuna magarya da ake sassabe wa rassa don ta miƙe a sami sandunan jinka. Babu itacen da aka bari a banza.

Taki kuwa daga gida yake fitowa. Gidajensu ɗakuna ne zagayayyu a cure wuri guda, gindin na dutse, jinka mai tsini, rumbuna a can ciki. A gidan gwaggonsa ya leƙa da ni wani ɗaki mai duhu wanda aka haƙa ƙasansa ya yi zurfi, sai ga bijimi a ciki. A ɗaki ake kiwonsa, a kawo masa ciyawa da ruwa, har lokacin bikinsu na Maray da ake yi bayan 'yan shekaru. Kashinsa da na awaki da tokar murhu duk gona ake kai su. Da haka ƙasar da ba ta da zurfi take ciyar da jama'a mai yawa, domin duwatsun nan suna cikin wuraren da suka fi cunkoson mutane a karkarar Kamaru.

Akwai maganar da na ji daɗin yadda ya yi ta. Ɗana ya tambaye shi me ya sa kakanninsu suka zaɓi wannan wahala ga fili a ƙasa. Ya ce dutse gidansu ne tun fil azal, kuma shi ne ya tsare su a zamanin da mahaya dawakai ke kai hari suna kama bayi, daga masarautar Wandala ta Mora da kuma sarakunan Fulani. Ya ambaci Hamman Yaji na Madagali, wanda hare-harensa a farkon ƙarni na 20 har yau tsofaffi ba su manta ba. Doki ba ya hawa inda muke tsaye. Ya faɗi wannan a gaban Musulmi biyu da suka fito daga birni, bai ɓoye ba, bai kuma yi mana gori ba. Mu mutanen ƙasa mun daɗe muna kallon mutanen dutse a raine, muna kiransu da sunayen da ba su so. Wanda ya tsaya ya ga katangun nan zai san raini ba shi da wuri. Daga wani tudu ya nuna mana yamma, ya ce bayan waɗancan duwatsun Najeriya ce, can Sukur take a jihar Adamawa, ita ma da gonaki hawa-hawa da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse, UNESCO ta karɓe ta a 1999. Dutse ɗaya ne, iyaka ce ta raba.

Abincin rana a gidan gwaggon aka yi, kuma a nan sun cancanci yabo na musamman. Tun a gindin dutse jagora ya sa ɗaya daga cikin masu baburanmu, wanda Musulmi ne, ya yanka kazar, don kada mu shiga shakka. Aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, tuwon yana da ɗan kaushi na niƙan dutse, da ƙamshin da ba na samu a garin inji. Mutanen nan suna dafa giyar dawa, da ita suke karɓar baƙo, amma ya riga ya yi musu bayani, ba wanda ya miƙo mana, kunu aka dama. Da azahar ta yi ya kai mu kan wani falalen dutse mai tsabta, ya nuna mana gabas, ya koma gefe har muka idar. Na ce wa gwaggon: "Iya, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara albarka a rumbu." Aka fassara mata, ta tafa hannu ta amsa. Wajen hoto ma yana da ƙa'ida: ba a ɗaukar mutum sai an tambaye shi, kuma akwai tukwanen da ke gindin rumbu da ya ce na kakanni ne, kada a taɓa, kada a ɗauka.

Yanzu ga inda suka gaza.

Ruwa. Gora ɗaya mai lita ɗaya da rabi suka ba kowane mutum, don yini guda na hawan dutse a cikin iskar hunturu mai busar da maƙogwaro. Kafin azahar ta ƙare. Abin da ya dame ni ba ƙishin ba ne, a'a, sai da muka sha ruwan gidan, muka yi alwala da shi, alhali na ga inda yake fitowa. A hanya mun haɗu da mata da 'yan mata suna hawowa da jarkoki a ka daga rijiyar da ke can ƙasa, kuma jagora ya ce idan rani ya yi nisa sai sun tona yashin rafi. Baƙon da ya biya kuɗi bai kamata ya zama nauyi a kan tulun matar da ta hau dutse da ruwa ba. Laifin ofis ne, kuma gyaransa ba wuya: a ɗaura jarka guda a bayan babur. Baburan ma babu hular kwano ko ɗaya, kuma birkin wanda ya ɗauki ɗana yana kuka a gangara har na sa aka tsaya aka duba.

Na biyu ya fi girma. A sanarwarsu sun rubuta cewa tafiyar ta haɗa da kangayen Diy-Gid-Biy, kuma rabin abin da ya kawo ɗana ke nan. Waɗannan gine-ginen dutse ne na da, wurare 16 a ƙauyuka 7 na wannan yanki, masu dandamali da matakala da lunguna, an gina su ba laka, ana ƙiyasta tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Ba a san waɗanda suka gina su ba, kuma a Yulin 2025 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Muna kan dutse jagora ya yi waya, ya dawo ya ce: "Baba Alhaji, ka yi haƙuri, yau ba zan kai ku can ba. 'Yan sa-kai sun ce a dakata." Ɗana ya so ya yi gardama, na hana shi. Yaron ya yi daidai, kuma wannan ƙin da ya yi ya ƙara masa daraja a idona. Kowa a Arewa Mai Nisa ya san halin da gundumomin Mayo-Tsanaga, inda Mokolo take, da Mayo-Sava suke ciki tun da rikicin Boko Haram ya tsallako. Sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo tun 2013 yake karɓar 'yan gudun hijira daga Najeriya, ƙauyukan bakin iyaka da dama sun watse, Turawa 'yan yawon buɗe ido da a da suke cika ƙauyen Rumsiki sun ɗauke ƙafa. Jagoran da zai sa kuɗi gaba da ran baƙonsa ba jagora ba ne.

Ƙorafina a kan ofis yake. Da muka dawo na fahimci tun daren jiya suna da labarin cewa hanyar ba lallai ta buɗe ba, amma suka karɓi kuɗi cikakke ba su ce uffan ba. Da sun faɗa mini, da na zo duk da haka, da zuciya ɗaya. Na zauna da babbansu na ce masa: "Ɗana, ciniki amana ne. Abin da ba ka da tabbacin bayarwa, faɗi tun kafin a biya." Ya ba da haƙuri, ya mayar mana da sefa 3,000 kowannenmu. Na karɓa, amma ba sai baƙo ya nema ba. Wanda zai je, ya tambaye su ƙarara tun a waya: ina da ina za a kai ni gobe, in wani wuri ya rufe nawa za ku mayar? Kuma kada ya yarda da kwana a kan dutse ko tafiyar yamma. Mu kafin la'asar sakaliya muna cikin Mokolo, haka jagora ya tsara, haka ya dace.

Akwai kuma abin da na tambaya ban gamsu da amsar ba: nawa ne yake isa ƙauyen daga cikin abin da muka biya? Jagora ya ce ana ba gwaggonsa kuɗin abinci, ana kai wa bulama gaisuwa. Dattijon da muka tsaya a gonarsa muka cinye masa lokaci, muka ɗauki hoton aikinsa, ba ya cikin lissafi. Abin da baƙi ke zuwa gani kuwa hannunsa ne ya riƙe shi. Mun ga wasu gonaki can sama da katangunsu suka zube ba wanda ya tayar, ciyawa ta rufe, domin samarin gidan sun tafi Marwa, Garwa, Yawunde neman kuɗi. Katangar da aka bari damina biyu ko uku, ƙasarta ta tafi, kuma ƙasar da aka tara a ɗaruruwan shekaru ba ta dawowa da wuri. In har 'yan jagoran nan suna son sana'arsu ta ɗore, to su ware wani kaso bayyananne na masu gonakin da ake ratsawa, a rubuta a bangon ofis kowa ya gani. Na faɗa wa babbansu haka, ya ce za su zauna a kai. Ni dai na ba dattijon abin goro da hannuna, na kuma sayi riɗi da aya a wurin matan gidan a farashin da suka faɗa.

Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya yi shawara da likita kafin ya ɗauki wannan hanya, domin saukowar ta fi hawan cin ƙafa. A sa takalmi mai kama ƙasa, a ɗauki katin shaida, hula, da ruwa ninki biyu na abin da za su bayar. Wanda ya daidaita tafiyarsa ta faɗo ranar Laraba zai sami kasuwar Mokolo tana ci, ya ga dawar dutsen da waken da tukwanen a wuri guda. Idan kun yi waya da ofis, ku ce jagoran da yake noma a dutsen kuke so, ba wanda ya taso a gari ba. Na yi da shi cewa zan sake zuwa cikin Satumba lokacin da hatsi ya fitar da kai, in Allah ya kai mu, tare da abokan sana'ata na kasuwa, kuma na gaya wa ofis jarkar ruwa da hular kwano su riga mu hawa babur.